Jinin da Ke Cikin Firiza

Ranar da suka fara haɗuwa, a durƙushe ya same ta gaban firiza tana kuka, ita da ko a gidan rasuwa sai an yi da gaske hawayenta ke zuba.

Ba irin firizar gida ba ce. Ta fi mutum tsayi, sanyinta tamanin ne ƙasa da sifiri, kuma aikin shekara shida ne a cikinta: 'yan kwalaben jinin mutane sama da ɗari huɗu, da ƙwaƙwalen ɓeraye da aka yanka sala-sala. Tun da hantsi sanyin ya fara raguwa, ƙararrawarta tana ta tsuwa.

Dakta ake ce mata a wurin aiki, ko da yake ba ta taɓa yi wa kowa allura ba sai ɓera. Aikinta shi ne bin diddigin abin da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, a wani ciwo na gado da har yau ba a samo maganinsa ba.

"Wa ya rasu?" in ji wata murya a bayanta.

Ta juyo. Wani siririn saurayi ne cikin shuɗiyar rigar aiki, jakar kaya a kafaɗa. Mai gyaran da aka kira ne.

"In ba ka yi sauri ba, ni ce," ta ce tana share ido da bayan hannu.

Ya ajiye jaka, ya kara kunnensa a jikin firizar, sannan ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta.

"Inji biyu gare ta. Ɗaya ya gaji, ɗayan yana ja shi kaɗai. Ƙura ce ta toshe mata numfashi. Yaushe rabon da a wanke ragar nan?"

Ta leƙa ragar. Can ta ce, "Dama ana wanke ta ne?"

"Ikon Allah," ya ce yana girgiza kai. "Kun san abin da ke cikin kan ɓera, ba ku san ragar firiza ba."

Awa biyu ya yi yana aiki, tana tsaye a kansa. In ka tambaye ta za ta ce firizar take kallo, amma ƙarya ne, hannunsa take kallo. Ba ta taɓa ganin hannu mai natsuwa irin wannan ba. Zai zare ɗan mitsitsin noti ya jera shi kusa da ɗan'uwansa, ko ɗaya bai gangara ba. Da ƙararrawar ta yi shiru, sai ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

"Injiniya, Allah ya saka da alheri."

"Ni ba injiniya ba ne, mai gyaran firji ne."

"Daga yau ka zama."

Ya je wanke hannu, sai idonsa ya faɗa kan kwamfutarta. Bidiyon koyarwa ne ta bari a buɗe: wani dattijo a kan kujera, kafaɗarsa tana zabura, yatsunsa suna ta motsi kamar mai kaɗa tebur, kansa ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ruwa yana zuba a famfo, Injiniya ya manta da shi.

"Wannan bawan Allah, me ya same shi?"

"Ciwon da nake bincike a kai ke nan."

"Haka Babana yake," ya ce a hankali. "Shekara bakwai ke nan. An ce iska ce, an ce sammu ne. Har masu cewa shaye-shaye yake yi a ɓoye an samu, mutumin da ko sigari bai taɓa riƙewa ba."

Ta ce, "Akwai wanda ya taɓa yin irinsa a gidanku?"

"Mahaifiyarsa."

Ta sake kallon hannun nan da ya cece ta yanzu-yanzu. Ta miƙa hannu ta kashe famfon.

Sati na zagayowa ya kawo Baba asibitin da ke jikin cibiyar binciken da take aiki. Likitan jijiyoyin da ya duba shi abokin aikinta ne, wanda kowa ke kira Mai Makulli. Sunan ya samo asali ne daga tsarin aikinsu: duk jinin da aka ɗiba don bincike lamba ake manna masa, ba suna ba, kuma takardar da ke nuna lambar wane ce wannan tana kulle a ofishinsa. Dakta tana auna jini, amma ba ta san na wane ne ba.

Gwaji ya tabbatar da abin da take tsoro. A barandar asibitin ta zaunar da Injiniya ta yi masa bayani dalla-dalla. A cikin rubutun halittar da kowa ya gada daga iyayensa akwai wani layi mai harufa uku da ke maimaita kansu. Kowa yana da su. Amma in maimaicin ya kai arba'in, ciwon zai zo, ko ba daɗe ko ba jima. Na Baba arba'in da biyu ne. Ɗan mai ciwon kuwa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira.

Injiniya ya ce a ɗebi jininsa, in zai amfani wani. Amma da aka kawo takardar yarda, sai ya sa alama a wurin da aka rubuta ba ya so a faɗa masa sakamako.

"Rashin sani ya fi dare duhu fa," ta ce.

"A bar kaza cikin gashinta, Dakta. Ni ke yi wa Baba wanka tun da mahaifiyata ta rasu. In na san nima layin nake bi, da wane hannu zan riƙe soson?"

A ranar ne kuma ta san ta kamu da sonsa.

Ragar firiza sau ɗaya a wata take buƙatar wanki. Ta Dakta kuwa sai da ta koma duk sati, har masu shara suka fara gaisar da Injiniya da murmushin da ya wuce na gaisuwa. Ya sa mata suna Ƙanƙara, wai don ba ta cika dariya ba. In ta yi fushi da sunan, sai ya ce ai shi sana'arsa ke nan, kula da ƙanƙara kada ta narke a hannun wani.

Wata rana tana tsakiyar leƙen madubin bincike saƙo ya shigo.

"Ƙanƙarata, ya sanyin firiza?"

"Tamanin cif. Ka bar ni in yi aiki."

"To ni nawa injin ya ɗau zafi. Ina bakin get da shayi kofi biyu. In ba ki fito ba zan ba mai gadi naki, kuma zan gaya masa maganar da na tanadar miki."

Ta fito. A ƙarƙashin bishiyar da ke bakin get ya gaya mata maganar, kansa a ƙasa, ba wasa ko ɗaya a ciki. Ya ce ya san abin da yake ɗauke da shi, ko wanda mai yiwuwa yake ɗauke da shi, kuma in ta ce a'a ba zai ga laifinta ba.

"Ka gama?" ta ce. "To ka zo ka ga Abba."

A gida Auta ake ce mata. Abba malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum mai auna magana kafin ya fitar da ita. Umma kuwa ba ta da wannan ciwon, abin da ke ranta shi ke bakinta. Sun karɓi Injiniya hannu bibbiyu, har sai da Auta da bakinta ta gaya musu maganar Baba, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

Umma ta ajiye kofin da ke hannunta. "Wato ke da kanki kin san ciwon, kin san ƙarshensa, kuma shi kika kwaso mana?"

"Umma, rabi da rabi ne."

"In aka ce miki rabin gadar nan a karye take, za ki hau? Ba kin ce jininsa yana firizarki ba? To ki duba mana! Shekara nawa muka yi muna jiran ki gama karatun nan, ashe ranar da zai yi mana amfani sai ki naɗe hannu?"

"Lamba ce a jiki, Umma, ba suna ba. Kuma amana ce. Ya ce ba ya so a sani."

"Shi ba ya so ya sani, ke kuma ki shiga da ido rufe. Wannan ai son kai ne."

Abba ya daɗe yana kallon carbinsa. "Yaron ya kwanta mini," ya ce. "Amma ba zan ba da ke ga abin da ban sani ba. Ya kawo mini takardar gwajinsa."

Ba ta gaya wa Injiniya ba. Ta ce masa Abba ya ce a ɗan dakata. Tana tsoron in ta faɗa, zai je ya yi gwajin saboda ita, ya buɗe abin da ya roƙi a bar masa a rufe.

To amma maganar Umma ta riga ta shiga. Kuma abin da mutum ya saba da shi ba ya barinsa don ya faɗa soyayya. Shekara shida Dakta ta yi tana ɗora ɓeraye a kan sanda mai juyawa, tana rubuta daƙiƙa nawa kowanne ya yi kafin ya faɗo. Idonta ya koyi kama rawar da ba kowa ke gani ba. Ba ta san ranar da ta fara yi wa Injiniya wannan kallon ba.

In yana magana, ƙiftawar idonsa take ƙirgawa. In suna tafiya, sai ta ɗan ja baya ta ga yadda yake taka ƙasa. Har wasa ta ƙirƙiro, wai ya bi yatsanta da ido ta ga ko yana sonta, shi kuma ya bi yana dariya, bawan Allah. In ta koma ɗakin gwaji sai ta buɗe wani baƙin littafi ta rubuta, da kwanan wata, yadda aka koya mata. Ta gaya wa kanta cewa ba ta karya amana ba, tunda ba ta taɓa jinin ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai Makulli ya daɗe yana sonta, ya kuma san hanyar gidansu, yakan tsaya ya auna wa Umma hawan jini. Ba mugu ba ne, a gaskiya. Mutum ne da ya ga abu da yawa har ya daina yarda da sa'a. Wata ranar Laraba ya kira ta ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ajiye makulli a kan tebur.

"Umma ta gaya mini komai," ya ce. "Sakamakon mutum ɗari huɗun nan duk yana kwamfutarki. Ke kika auna su da hannunki. Kin riga kin ga nasa, ba ki dai san shi ne ba. Lambar kawai kike nema, ga ta can a durowa ta biyu. Zan fita in sha ruwa."

"Ka san abin da kake cewa kuwa?"

"Na sani. Na kuma san matan da ke zuwa mini da mazajensu. Na ga wadda miji ya fasa wa baki, ba don ya ƙi ta ba, ciwon ne ya canza shi. Na ga wadda ta tsufa a shekara arba'in. Ba na so in gan ki a bencin da suke zama."

Ya fita. Ta tsaya ita da makullin. Allah ya sani hannunta ya kai kansa, har ta ji sanyin ƙarfen. Ta tuna cewa cikin ɗari huɗun, kusan rabin 'ya'yan masu ciwon lambarsu ta haura arba'in, kuma ta bi ta kan kowanne tana shan shayi. Ta ɗauki makullin, ta same shi a baranda, ta sa masa a hannu.

"Ka mayar aljihu. In ka sake, zan kai ka gaban shugaban cibiya."

Ta koma tana jin ta ci jarrabawa. Ba ta san wadda za ta faɗi tana gaba ba.

Ranar Juma'a Injiniya ya zo wankin raga, ita tana ɗakin ɓeraye. Akwai littafin da yake rubuta sanyin firiza a ciki duk zuwa, baƙi ne shi ma, irin wanda cibiyar ke raba wa kowa. Ya ɗauki wanda ya gani a kan tebur.

Da ta shigo, a tsaye ta same shi, littafin a buɗe. Bai ɗago ba. Ya fara karantawa da murya mai sanyi.

"Uku ga wata, ya zubar da shayi, hannun dama. Tara ga wata, sifanar kwance noti ta suɓuce masa sau ɗaya. Sha huɗu, ya manta sunan titi. Ashirin, ya yi fushi da mai mota ba dalili. Ido yana bin yatsa daidai." Ya rufe. "Wane keji kika sa ni, Dakta? Lamba nawa ce a kunnena?"

"Don Allah ka saurare ni."

"Ranar da na zubar da shayin nan, ke nake kallo. Kin sa wani koren mayafi. Ranar sifana kuwa dariya kika yi, karo na farko da na ji ta da ƙarfi, shi ya sa ta faɗi. Ni ina can ina murna, ashe ke rubutu kike yi."

Hawaye suka cika mata ido. Ta gaya masa komai, maganar Umma, sharaɗin Abba, har da makullin.

"Kin duba?"

"Wallahi ban duba ba."

"Da kin duba ma da ya fi mini sauƙi. Wannan sau ɗaya ne. Wannan kuwa," ya ɗaga littafin, "kullum ne. Ke kaɗai ce wurin da nake zuwa in manta. Yanzu ko kofi na ɗauka a gabanki sai na ji tsoro."

Ya ajiye littafin a hankali, ya mayar da ragar, ya ɗaure notinta duka huɗu, don shi ba ya barin aiki rabi. Sannan ya tafi.

Sati bakwai ba ta gan shi ba. Wani mai gyaran aka riƙa turowa. Kamar an haɗa baki, a cikin kwanakin ne aikinta ma ya rushe. Maganin da ta yi shekara biyu tana gwadawa, wanda ya hana gubar da ke kawo ciwon dunƙulewa a ƙwayoyin da take rainon su a faranti, da aka ba ɓeraye bai yi komai ba. Suka ci gaba da faɗowa daga sanda kamar ba a ba su ba. Ta rubuta sakamakon yadda yake, ta je banɗaki ta yi kuka, ta wanke fuska ta dawo.

Umma ta ga 'yarta tana ramewa, ta riƙa tura mata abinci ɗaki. Mai Makulli ya gwada sa'arsa sau ɗaya, ya ga fuskar da aka yi masa, ya kama kansa.

Saƙo ɗaya ta aika, bayan ta goge goma.

"Injiniyana, ban da hujja. Tsoro ne ya kama ni, ni kuma in na ji tsoro ƙirga nake yi, shi kaɗai na iya. Na yaga littafin. Ban ce ka dawo ba, na ce dai ka yafe mini. Ka gaishe da Baba."

Ba amsa. Sai wata ranar Litinin da azahar, tana cire safar hannu, waya ta yi ƙarar shigowar saƙo.

"Ƙanƙara, na yafe tun tuni. Na je wani asibiti da kaina, na zauna da mai ba da shawara sau uku, na yi gwajin. Ba don Abba ba. Tun ranar nan na fara ƙirga kaina da kaina, na ga zaman ba zai yiwu ba. Arba'in da huɗu. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to ni har na zarce shi da biyu. Umma ta yi gaskiya. Allah ya ba ki wanda ya fi ni. Ki riƙa sa a wanke ragar."

Ta karanta sau ɗaya. Ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da firizar, tana jin kukan injin a ƙashin bayanta. Ta san abin da lambar take nufi fiye da kusan kowa, kuma sanin bai rage mata komai ba. Ita ce ta tura shi. Da wannan za ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

Ta tashi ta ɗauki jaka.

Gidan su Injiniya ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. An naɗe kusurwar kowane tebur da tsumma, kujerar Baba kuma an jera mata matasai ta ko'ina. Injiniya yana durƙushe gabansa da kwano da ƙaramin cokali. Da ya gan ta, cokalin ya tsaya a iska.

"Ba ki ga saƙona ba?"

"Na gani. Ka gama ba shi."

Sai da ya gama, ya goge wa Baba baki, sannan suka koma bakin ƙofa.

"Ke ce masaniya," ya ce. "Shekara nawa gare ni?"

"Ba wanda zai iya yanke maka. Wataƙila goma sha biyar kafin ya fara. Wataƙila ƙasa da haka."

"Za ki samo maganin kafin nan?"

Ta so ta ce eh. Bakinta har ya buɗe. "Ban sani ba. Wanda nake gwadawa ya faɗi wancan watan. Akwai masu nema da yawa a duniya, amma ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba."

"To me kika zo yi?"

"Na zo in ce ka aure ni."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya nuna Baba da haɓa. "Kalle shi da kyau. Direban babbar mota ne fa, mutum goma ba sa kayar da shi. Watarana zan zage ki, in jefe ki da kwano, ban san na yi ba. 'Ya'ya fa?"

"Za mu zauna mu yi maganar 'ya'ya da ido biyu. Akwai hanyoyi, in kuma ba su yiwu ba akwai haƙuri. Ni na fi ka sanin abin da ke zuwa, Injiniya, har hotonsa ina da shi. Sati bakwai na gwada zama babu kai, na ga shi ma ciwo ne, kuma shi tun yanzu ya fara."

Ya juya mata baya. Kafaɗunsa suna rawa, amma wannan rawar ta san ta kuka ce.

Da kansa ya kai wa Abba takardar. Abba ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, Auta ta fassara masa lambar ba tare da ta rage komai ba. Umma ta tashi ta bar falon.

"Da na ce ka kawo takarda," in ji Abba, "na ɗauka in ba ta yi kyau ba, ba za mu sake ganinka ba."

"Ka ce in kawo, Abba. Ba ka ce sai mai kyau ba."

Abba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya tambayi 'yarsa sau uku ko ta san abin da take yi, sau uku tana ba shi amsa ɗaya. Ya ce shi ya yarda, amma ba zai ɗaura aure uwarta tana kuka ba.

Kwana huɗu Umma ba ta yi wa kowa magana ba. A na biyar ta yafa mayafi ta kira Auta. "Tashi ki kai ni gidan. Tunda ke a takarda kika san ciwon, bari in nuna miki shi da ido."

Sun tarar ana ba Baba abinci. Umma ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya, fuska a ɗaure. Injiniya yana ɗebo rabin cokali na abinci mai kauri, ya tallafi haɓar Baba ya sunkuyar da ita kaɗan, ya jira ya haɗiye, ya ƙirga biyar, sannan ya sake. Hannun Baba ya zabura ya doke kwanon, abincin ya fantsama har kan zanen Umma. Tsohon ya yi ta ƙoƙarin ba da haƙuri, kalmar ta ƙi fitowa, hawaye suka zubo masa.

"Ba komai, Baba," in ji ɗansa. "Dama ya yi zafi. Bari in kawo wani."

Suka koma gida. Auta ta ɗauka magana ta mutu. Abin da ba ta sani ba shi ne, bayan kwana biyu Umma ta koma gidan ita kaɗai, ta sake komawa, har sau shida. Ranar da ta dawo daga na shidan ta tsaya a ƙofar ɗakin Abba ta ce, "Ka sa musu rana."

Wata Asabar da hantsi aka ɗaura auren, ba taro mai yawa. Da yamma aka kawo Baba a keken marasa lafiya, cikin farin kaya sabbi. Ango da amarya suka durƙusa gabansa. Ya ɗaga hannu zai dafa kanta, hannun ya kauce, ya sake, ya kauce. Ta kama shi da hannu biyu ta ɗora a kanta ta riƙe.

"Allah," ya ce. Aka jira. Ba wanda ya taya shi. "Ya yi... muku... albarka."

Aka amsa da amin. Ango yana kallon mahaifinsa, kowa a wurin ya san abin da yake gani. Abba ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa musu zaman lafiya da tsawon kwana, ya roƙi Allah ya sa maganin ya fito, a hannunta ko a hannun wani.

Da za a tafi da amarya, Umma ta ja ta gefe. Ta gyara mata mayafi, ta sake gyarawa, duk da ba abin da ya same shi.

"Har yanzu raina bai so ba, Auta. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Na sani, Umma."

"Ki je ki ji daɗin mijinki. Ki yi dariya da ƙarfi, ya ce yana so." Ta share hawaye da gefen mayafinta. "In lokacin ya zo kuma, in ina raye, kada ki ɗauka ke kaɗai. Ki kira ni. Ya koya mini yadda ake riƙe cokalin."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa shekarun su yi yawa.